Ba don ƙin sarawa Truman ya kori MacArthur ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanina, na ji muryarka tun bayan la'asar, sai yanzu na samu na zauna. Ka ce ka ga wani bidiyo da ke cewa shugaban Amurka Harry Truman ya kori Janar Douglas MacArthur ne saboda raini, wai ranar da za su haɗu jiragensu biyu suka yi ta kewaya tsibiri a sama, kowa na jiran ɗaya ya riga shi sauka, da aka sauka kuma janar ya ƙi sara wa shugaba. Kana tambaya ko haka aka yi. To ni a yadda na ji ka, ainihin tambayarka ita ce wa za a gaskata, wanda ya ba da labari bayan shekara goma ko ashirin, ko takardar da aka rubuta a ranar da abin ya faru. Ita zan amsa maka.

Maganar jirage na kewaya sama, babu ita, ba a yi ba. An haɗu ne a tsibirin Wake, wani ɗan tsibiri a tsakiyar tekun Fasifik, ranar 15 ga Oktoba 1950. MacArthur ya taso daga Tokyo ya iso tun ana gobe za a haɗu, a tsibirin ya kwana. Jirgin Truman da sassafe ya sauka, janar yana filin jirgin. Akwai hotuna, akwai rahoton 'yan jaridar da suka rako shugaban, akwai kundin tafiyar da ma'aikatan fadarsa suka rubuta, ƙarfe kaza an tashi, ƙarfe kaza an sauka. Labarin kewaya sama daga wani littafin hira ya bazu, wanda aka buga bayan rasuwar Truman (shi a 1972 ya rasu), aka ce maganar bakinsa ce. Masana tarihi da suka je suka saurari kaset-kaset ɗin hirar sun dawo sun ce abubuwa da yawa da ke cikin littafin babu su a kaset. Ko da ma a ce tsohon ya faɗa, agogon ranar bai yarda da shi ba.

Sarawa kuma, e, wannan gaskiya ne. Hannu ya miƙa masa, bai sara ba, wuyan rigarsa a buɗe, ga tsohuwar hularsa da ta sha jiki. Amma ka tsaya ka ji. A wannan tsibirin dai, kafin ya hau jirgi ya koma, Truman da hannunsa ya maƙala masa lambar girmamawa. Bayan kwana biyu a San Francisco ya yi jawabi yana yabonsa. Kora kuwa sai 11 ga Afrilu 1951, kusan wata shida bayan nan. Mutumin da sarawa ta ɓata wa rai har haka, lamba zai ba ka?

Abin da ya fi muhimmanci a Wake shi ne abin da aka faɗa a ɗaki, kuma ta hanyar da muka san shi ma abin ji ne. Akwai wata mata, Vernice Anderson, sakatariyar jakada Philip Jessup. An taho da ita ne don ta buga sanarwar bayan taro a tafireta. Tana zaune a ɗakin da ke kusa, ƙofa ba a rufe ta ruf ba, tana jin maganar manya, sai ta ɗauki takarda ta fara rubutawa da gajeren rubutun nan na sakatarori. Janar Omar Bradley, shugaban manyan hafsoshin sojan Amurka, ya haɗa nata da na sauran waɗanda suka yi rubutu a zaman, aka fitar da takarda ɗaya, aka aika wa ofishin MacArthur kwafi a Tokyo, ba su dawo da gyara ba. Ka riƙe wannan, ba su dawo da gyara ba.

Me ke ciki? Truman ya tambaye shi, ya kake ganin yiwuwar China ko Tarayyar Sobiyet su shigo yaƙin Koriya da ake yi a lokacin? Janar ya ce kaɗan ƙwarai. Ya ce China na da soja dubu 300 a Manchuria, yankinta da ke iyaka da Koriya, waɗanda ke bakin kogin Yalu da ya raba ƙasashen biyu ba su wuce dubu 100 zuwa 125 ba, waɗanda za su iya tsallakowa dubu 50 zuwa 60 ne, ba su da rundunar sama, in suka ce za su gangaro Pyongyang, babban birnin Koriya ta Arewa, to kisan da za a yi musu ba kaɗan ba ne. Ya ce kafin bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba an gama da Koriya ta Arewa, yana fatan kafin Kirsimeti Runduna ta Takwas ta Amurka ta koma Japan. Kwana huɗu da faɗar haka, 19 ga Oktoba, sojojin China suka fara tsallaka Yalu cikin dare. A yi adalci, hukumar leƙen asirinsu ta CIA ma a wannan watan ta ce da wuya China ta shigo. Ba shi kaɗai ya yi kuskuren lissafi ba, kuma ba don kuskuren aka kore shi ba.

Bari in koma baya kaɗan, na san akwai yara a gidan nan. Yaƙin Koriya ya fara 25 ga Yuni 1950, Arewa ta afka wa Kudu. MacArthur shi ne kwamandan rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya. A 15 ga Satumba ya sauke sojoji ta ruwa a Inchon, ta bayan abokan gaba, abin da manyan hafsoshi da yawa suka ji tsoronsa, kuma ya ci nasara. Mutum ne mai tauraro biyar, shi ya karɓi saranda Japan a kan jirgin ruwan Missouri ranar 2 ga Satumba 1945, shi ke riƙe da Japan tun lokacin, rabonsa da gida Amurka tun 1937. Ba ƙaramin mutum ake magana ba, ka gane?

To a ƙarshen Nuwamba China ta buɗe wuta gadan-gadan, aka koro su kudu, 4 ga Janairu 1951 Seoul, babban birnin Kudu, ta sake faɗuwa. Janar ya fara magana da jaridu, yana cewa an ɗaure masa hannu, an hana shi bugun sansanonin Manchuria. Abin da yake so, a toshe gaɓar tekun China, a yi ruwan bama-bamai a kan masana'antunta, a kawo sojojin Chiang Kai-shek, abokin gaban gwamnatin kwaminisanci ta China, daga Taiwan. Truman kuwa yana kallon Turai, yana kallon Sobiyet da ta gwada nata bam ɗin nukiliya a 1949, yana tsoron yaƙin duniya na uku. Ranar 6 ga Disamba 1950 aka fitar da umarni a rubuce, duk jami'i, soja ko farar hula, kada ya yi maganar manufar ƙasa a bainar jama'a sai an tantance a Washington. Kowa ya san da wa ake.

A watan Maris 1951, bayan Janar Matthew Ridgway ya farfaɗo da Runduna ta Takwas an ƙwato Seoul, Truman ya shirya sanarwar neman tsagaita wuta, aka sanar da MacArthur ana shirin. Ranar 24 ga Maris sai ya riga su, ya fitar da tasa sanarwar, yana yi wa China gori da barazanar faɗaɗa yaƙi, yana cewa kwamandansu ya zo su yi magana a filin daga. Kamar maigida ne ya shirya zuwa sulhu, ya faɗa wa yaronsa, yaron ya riga shi zuwa ƙofar gidan mutanen yana cika baki. Dole sanarwar shugaban ta koma aljihun tebur. Sai kuma 5 ga Afrilu, Joseph Martin, jagoran 'yan jam'iyyar Republican a majalisar wakilai, wato 'yan adawa, ya miƙe a zauren majalisa ya karanta wasiƙar da MacArthur ya aiko masa, wadda ke sukar manufar gwamnati, tana cewa babu abin da zai maye gurbin nasara. Kwamandan da ke bakin daga yana rubuta wa jagoran adawa wasiƙar sukar shugabansa. Wannan shi ne dalilin, ƙanina.

Kuma wallahi wannan magana tana tuna min da wani abokin aikina na da, ba zan kama suna ba, wanda muka daɗe muna jayayya a ɗakin malamai. Kullum cewa yake hassada ce, wai ɗan tireda da ya karye yana jin haushin jarumi. Har yau abin na ci min rai, domin mutumin bai taɓa buɗe takarda ɗaya ba, in ka kawo masa ma sai ya ce ai Turawa ne suka rubuta, to nasa labarin wa ya rubuta? E, Truman ya buɗe kantin kayan maza a Kansas City ya karye, e, ba shi da digiri. Amma kyaftin ne na sojan igwa a Faransa a 1918, ya san mene ne umarni. Ya hau mulki 12 ga Afrilu 1945 bayan kwana 82 kacal yana mataimakin Roosevelt, kuma a 1948 ya ci zaɓe da ƙuri'arsa ya kayar da Thomas Dewey, lokacin da jaridar Chicago Tribune ta riga ta buga cewa ya faɗi. In hassada ce, me ya sa ya haƙura tun watan Agusta 1950, lokacin da janar ya aika wa ƙungiyar tsofaffin sojoji saƙo kan Taiwan da ya saɓa wa manufar gwamnati, aka ce kawai ya janye shi? Wata takwas yana haɗiyewa. Abokin nawa bai taɓa ba ni amsar wannan ba, sai dai ya canza magana.

Sannan akwai rubutun hannun Truman na 6 ga Afrilu 1951. A ciki ya kira abin ƙin bin umarni ƙarara, ya ce ya riga ya yanke a ransa dole a dawo da babban janar ɗin, amma da ya tara George Marshall ministan tsaro, da Dean Acheson na harkokin waje, da Averell Harriman mai ba shi shawara, da Bradley, bai faɗa musu ra'ayinsa ba. Ya bar su suka yi kwanaki suna shawara, manyan hafsoshin soja suka zauna su ma suka amince, sannan ya sa hannu. Yadda aka sanar kuwa, nan ni ma ban ji daɗi ba. An shirya Frank Pace, sakataren rundunar ƙasa da ke ziyara a Koriya, ya kai masa takardar hannu da hannu. Saƙon bai isa gare shi a kan lokaci ba, aka ji labari na neman fita a jarida, sai aka kira 'yan jarida ƙarfe ɗaya na dare a Washington. MacArthur yana cin abincin rana da baƙi a Tokyo, hadiminsa ya ji a rediyo, ya faɗa wa matarsa, ita ta raɗa masa. Dattijo mai shekara 71 da ya yi wa ƙasarsa yaƙin duniya biyu bai cancanci haka ba.

Ƙasa ta ɗauki zafi. Ranar 19 ga Afrilu ya yi jawabi a gaban majalisun biyu, wasu na kuka, a New York miliyoyin mutane suka fito tarbarsa, ana ta kiran a tsige Truman. Abin da ya kwantar da ƙurar shi ne zaman binciken majalisar dattawa a watannin Mayu da Yuni, ƙarƙashin Sanata Richard Russell. MacArthur ya ce hafsoshi suna tare da shi. Hafsoshin suka zo ɗaya bayan ɗaya suka ce a'a. Bradley ya ce bin shawararsa zai jefa su yaƙin da bai dace ba, a wurin da bai dace ba, a lokacin da bai dace ba, da abokin gaban da bai dace ba. Takardar Wake ɗin nan ma a lokacin ta fito, jaridar New York Times ta fara buga abin da ke ciki. Mutanen MacArthur suka ce an yi musu laɓe. Amma kwafin yana ofishinsu tun watan Oktoba.

Kar ka ɗauka Truman ya ci riba a siyasa. A Fabrairu 1952 ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta ba shi kashi 22 cikin ɗari, a ƙarshen Maris ya ce ba zai sake tsayawa ba. Eisenhower, wani janar ɗin, ya kayar da Adlai Stevenson ya hau, kuma shi ma bai faɗaɗa yaƙin zuwa China ba, tsagaita wuta aka sa wa hannu 27 ga Yuli 1953. 

Duk waɗannan takardu suna ɗakin adana tarihin Truman a garinsu Independence, jihar Missouri, wanda aka buɗe a 1957. Tun 1961 suka fara bin mutanen gwamnatinsa suna naɗar hirarsu, ministoci da sakatarori da 'yan jarida, ita ma Vernice Anderson an yi da ita a 1971, kuma an sa rubutun a intanet. Su ma hirarrakin in ka karanta za ka ga mutum biyu sun zauna a ɗaki ɗaya kowa ya fito da nasa labarin, shi ya sa ake ajiye su kusa da takardun ranar a gwada. A zamanin Truman takardun shugaba mallakarsa ne, in ya ga dama ya tafi da su gida, shi ne ya zaɓi ya ba ƙasa nasa. Sai bayan rigimar kaset-kaset ɗin Nixon aka yi dokar 1978 da ta ce na gwamnati ne, ta fara aiki daga kan Reagan a 1981. Ta Nixon kuwa doguwa ce, in kuna so gobe bayan isha'i. Sai da safenku.