Likita, wasan bidiyo na da amfani ga sojan da ke bakin daga?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Bronx, birnin New York. Ɗana sojan Amurka ne, an tura shi Kuwait. Wata ƙungiyar agaji tana neman gudummawa don ta aika wa sojoji na'urorin wasan bidiyo. Ni kam na ga kamar almubazzaranci ne. Ba gara a sayi magani ko abinci ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya dawo miki da shi lafiya. Abinci da magani dai rundunar tana ba su, ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke cin soja a sansani shi ne zaman jira. Mutum ya gama aikinsa na awa goma sha biyu, ya koma ɗaki, ba iyali, ba inda zai je, waje zafi kamar tanderu. Nan tunani ke samun ƙofa. Kaɗaici da rashin abin yi suna cikin abubuwan da ke jawo baƙin ciki mai tsanani, kuma mu likitoci ba ma ɗaukarsu da wasa.

Ƙungiyoyin nan ma soja ne ya faro fitattu daga cikinsu. Stephen Machuga, tsohon kyaftin da ya yi aiki a Iraƙi, ya kafa Operation Supply Drop a 2010, daga baya ya kafa Stack Up a 2015. Ya sha faɗin cewa wasan ne ya taimaka masa ya dawo hayyacinsa bayan ya koma gida. Ƙungiyar USO kuwa, wadda ke kula da walwalar sojojin Amurka tun 1941, ita ma tana da ɗakunan wasa a cibiyoyinta.

A ganina amfanin ba a cikin na'urar yake ba. Samari shida ne za su taru gaban talabijin ɗaya, ana ihu, ana tsokanar wanda aka ci, kamar dai 'yan dara a gindin bishiya. Wanda ya daina zuwa, nan da nan za a lura a tambayi lafiyarsa. In za ki bayar, ki tambaye su abu biyu: kayan na rukunin sojoji ne gaba ɗaya ko na mutum ɗaya? Kuma nawa ne cikin kuɗin ke isa ga sojojin? In sun amsa ba kwana-kwana, ki bayar da zuciya ɗaya.

Tambaya: Likita, na ji an ce Tetris, wasan bidiyon nan na jera tubala masu faɗowa, yana warkar da firgicin yaƙi. Gaskiya ne?

Amsa: An ƙara wa miyar gishiri. Ga abin da ya faru: a 2017 masu bincike a Oxford ta Ingila sun gwada shi a kan mutane 71 da suka yi hatsarin mota. Cikin awa shida da hatsarin, an sa wasunsu suka tuna abin da ya faru a taƙaice, sannan suka buga Tetris na kimanin minti 20. A makon da ya biyo baya, hotunan hatsarin da ke faɗo musu a rai ba shiri sun ragu idan aka kwatanta da sauran. Bayanin da aka bayar shi ne, jera tubalan nan yana shagaltar da sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa hoto a daidai lokacin da take ƙoƙarin adana mummunan abin da ido ya gani.

To amma ka lura, 'yan hatsarin mota ne, ba sojoji ba, kuma cikin awoyin farko ne. Wanda ya shekara yana zabura cikin barci, yana jin ƙarar ƙofa ya nemi wurin ɓuya, wannan likitan ƙwaƙwalwa yake buƙata.

Tambaya: Likita, mijina soja ne, ya dawo daga Borno wata huɗu ke nan. Kullum yana kan waya yana wasan harbe-harbe har kiran assalatu. In na yi magana sai faɗa. Wasan ne ya lalata shi?

Amsa: 'Yar'uwa, ki yi haƙuri, Allah ya ba shi lafiya. Ban duba shi ba, amma ba na zaton wasan ne tushen matsalar. Sau da yawa mai irin wannan hali tsoron rufe ido yake yi, domin ya san abin da ke jiransa a mafarki. Wayar maɓoya ce. In kin ƙwace ta, abin da yake gudu yana nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, amma sai mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan kan aiki da iyali, kuma a bisa al'ada sai hakan ya kai wata 12. Wata huɗu bayan dawowa daga daji, ni firgici da rashin barci zan fara bincika.

Kada ki tare shi da maganar da tsakar dare. Ki bari sai da rana, ya ci ya ƙoshi, ki ce, "Baban yara, na ga barci na ba ka wahala, mu je a duba." Maza da yawa da ba za su yarda a ce musu ƙwaƙwalwa ba, suna yarda a ce barci. In akwai abokin aikinsa da yake jin maganarsa, ki sako shi ciki. Asibitin barikinsu ne wurin farawa, kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kaduna da na Maiduguri suna ganin irin wannan. Idan kuwa ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko ya ɗaga miki hannu, ko ga yaran, kada ki jira gobe: ki sanar da danginsa, a kai shi asibiti a ranar.

Tambaya: Awa nawa ya kamata soja ya yi yana wasa?

Amsa: Ba ni da adadi. Ma'aunina barci ne: babba na buƙatar aƙalla awa bakwai, soja kuma da ƙyar yake samunsu. Wanda zai riƙe bindiga a bakin shinge da asuba, ya ajiye wasan awa ɗaya kafin ya kwanta.