Glock 29 a matsayin bindigar farko?

Ka ce kana da lasisi, kana tambaya ko ka ɗauki ƙaramar bindigar hannu Glock 29 mai harsashin 10mm a matsayin bindigarka ta farko. Gaskiya a'a, fara da Glock 26 mai harsashin 9mm da bai kai na 10mm ƙarfi ba, dukkansu harsashi 10 suke ci.

Bindiga in ta yi ƙanƙanta kuma harsashin na da ƙarfi to hannunka ne ke shan dukan, ga mariƙin gajere ƙaramin yatsa na reto a iska, kana harbi bakinta zai ɗaga sama ka rasa saiti a na biyun. Tawa ma sai da na sa ƙari a gindin magazin (gidan harsashi) ta zauna min a hannu. In dai Glock 29 ɗin ranka ke so, gwada harba ta a filin atisaye tukuna kafin ka biya kuɗi.