Tocilar da aka rubuta wa mita 2,000 a kwali, har ina take kaiwa?

Tambaya: Ina gadin gonar shinkafa da dare lokacin girbi. Na sayi tocila mai araha, irin wadda ake jan kanta haske ya tsuke. Kwalinta ya ce lumen 100,000, nisa mita 2,000. Amma ko ƙarshen gonar ba na gani sosai, kuma kafin awa ɗaya ta dushe. Ni ne ban iya ba, ko cuta ta aka yi?

Amsa: Malam, laifin ba naka ba ne, kwalin ne ya yi maka ƙarya. Akwai tocila mai lumen 100,000 da gaske, wato Imalent MS18, amma ƙwai 18 gare ta, da fanka a cikinta saboda zafi, nauyinta kuma ya kusa kilo 2. Tocila mai ƙwai ɗaya da batir ɗaya irin taka, in ta ba da lumen 1,000 ta yi ƙoƙari.

Kuma ba lumen ke kai haske nesa ba. Lumen jimillar hasken ne, abin da ke kai shi nesa shi ne kandela, wato ƙarfinsa a tsakiya. Kamar tiyon ban ruwa ne: ruwan ɗaya ne, amma in ka matse bakin da yatsa sai ya yi tsartuwa. A ƙa'idar auna tocila ta ANSI FL1 ta 2009, ana auna nisa ne zuwa inda hasken ya ragu ya koma kamar farin wata. Kafin tocila ta kai mita 1,000 sai tana da kandela 250,000, mita 2,000 kuwa sai miliyan ɗaya. Ko a tocilar kirki, raba abin da aka rubuta biyu, nan ne za ka iya bambance mutum da kututture.

Mai jan kai ba na son ta a aikin gadi. In ka ja ta, haske mai yawa yana halaka a cikin bututun, abin da ya fito kuma ɗan murabba'i ne a jikin bango, gefe da gefe duhu ƙirin. Mai gadi yana buƙatar ganin abin da ke kusa da ƙafarsa, ko don maciji. Nemi mai faɗin kai, mai kwano mai zurfi da santsi kamar madubi, da ƙaramin ƙwai. A cikin masu sauƙin kuɗi na fi yarda da Convoy C8+ mai ƙwan SFT40. Na tsaya da ita a ragar filin ƙwallo da dare, ina ganin zaren ragar ɗaya gefen ɗaya bayan ɗaya.

Dushewar kuwa, batir nake zargi. Batirin 18650 (dogon batirin caji da ake sa wa irin wannan tocila) na gaske, irin na Samsung, LG ko Panasonic, yana tsayawa ne wajen 3,500mAh, wato ma'aunin yawan cajin da yake riƙewa. Duk wanda ka ga an rubuta masa 9,800 jabu ne. Ɗora shi a ƙaramin sikeli: na gaske yakan kai giram 45 ko sama, na jabu za ka ji shi shafal a hannu. Kada ka yi cajin wanda ledarsa ta yage, yana iya kama wuta.

In hazo ya sauko, ƙura tana dawo maka da hasken cikin ido, musamman fari mai shuɗi-shuɗi. Zaɓi mai ɗan ɗorawa-ɗorawa, kuma ka riƙe tocilar daidai ƙugu, nesa da fuskarka.