Ƙaramin jirgin ruwa mai ɗaki: na wane kamfani zan saya da kuɗi kaɗan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, gidana Ikorodu. Ina son ƙaramin jirgin ruwa mai inji da ɗan ɗaki, in riƙa tsallakawa Falomo in huta da cunkoson hanya, ranar Lahadi kuma in kai iyali Tarkwa Bay. Kuɗina ba su kai na sabo ba. Dillali ya nuna mini Bayliner da Sea Ray na tokumbo, wani kuma ya ce in nemi Jeanneau. Wanne ya fi ƙwari?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. In aljihu zai ɗauka, nemi Jeanneau Merry Fisher ko Beneteau Antares mai tsawon mita 6 zuwa 7, wanda injinsa ke rataye a baya. Na Faransa ne, kuma tun 1995 gida ɗaya suke, shi ya sa ƙirarsu ke kama. Ɗakinsu mai gilashi ne da rufi, ana tuƙi daga ciki, abin da za ka yaba ran da ruwan watan Yuni ya tare ka a tsakiyar lagun. Quicksilver ma sahunsu ɗaya, sau da yawa ya fi su sauƙi.

Bayliner da Sea Ray na Amurka ne, dukansu ƙarƙashin kamfanin Brunswick, mai injin Mercury. Sea Ray ya fi kyan aiki da ƙarafa masu kauri, Bayliner kuwa tun asali don mai ƙaramin ƙarfi aka yi shi. To amma a tsohon jirgi, wanda ya riƙe shi ya fi wanda ya ƙera shi tasiri. Bayliner ɗin da ya sha kulawa ya fi Sea Ray ɗin da aka yasar cikin ruwan sama shekara uku.

Abin da ya sa muke ja da baya a kan waɗannan biyun shi ne injinsu. Masu ɗaki irin su Ciera na Bayliner da Sundancer na Sea Ray yawanci da MerCruiser suke zuwa: injin mota ne a cikin jirgi, ƙafarsa mai farfela ta ɓullo ta bangon baya. Da yawansu da ruwan da jirgin ke tafiya a kai suke sanyaya kansu, ruwan Legas kuwa gauraye yake da gishiri, musamman da rani. Ƙarafan salansarsa na zubi ne, a ruwan gishiri shekara 3 zuwa 5 tsatsa ta cinye su daga ciki inda ido ba ya gani. Ran da suka huje, ruwa ya gangara cikin silinda, shi ke nan injin ya tafi. Ga kuma robar nan mai lanƙwasa da ta haɗa ƙafa da jikin jirgi: in ta tsage, jirgi na ɗaure a jeti zai sha ruwa ya nutse cikin dare.

Injin rataye ba shi da wannan jidali. Ka ɗaga shi daga ruwa in ka dawo, ka wanke cikinsa da ruwan famfo, in ya lalace a kwance shi a kai wa makanike. Tsaya a tashar Ipakodo ko Ebute Ero ka dubi bayan jiragen haya: injin rataye ne, akasari Yamaha. Inda injin ya yi yawa, nan makanikensa da kayan gyaransa suke. Suzuki da Mercury ma ba laifi in ka tabbatar da mai gyara kusa. Uku ne za ka guje wa ko da an karya maka farashi: Force da ke kan tsofaffin Bayliner, an daɗe da daina yin sa, ƙafar OMC, kamfaninta ya karye a 2000, sai Evinrude, wanda aka tsayar da ƙerawa a 2020.

Yanzu sai duba jikin jirgin, kuma dole a fito da shi tudu. Wanda ya ƙi a ɗaga maka, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Fara da bangon baya inda inji ke rataye. A jirage da yawa katako ne a ciki aka lulluɓe da faiba, kuma ruwa na shiga ta ramukan noti yana ruɓar da shi a hankali. A ɗaga injin, mutum ɗaya ya danna ƙafarsa da nauyin jikinsa, kai kuma ka zuba wa bangon ido. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Sannan ka kwance sukuru ɗaya daga can ƙasa. In ruwa mai kalar shayi ya tsiyayo, ko ka zura waya ta fito da ɓurɓushin katako baƙi mai laushi, ka yi sallama ka tafi. Gyaransa sai an fasa bayan jirgin gaba ɗaya. Bi jikin da gindin sukundireba kana ƙwanƙwasawa: wuri mai lafiya ƙara yake yi tas, mai ruwa kuwa sai ka ji dum kamar an bugi kabewa. Taka daɓen ko'ina, musamman gindin kujeru, inda ya lotsa ƙarƙashin ƙafa ya ruɓe. Ƙuraje a jikin jirgin ta ƙasa daga waje, masu fitar da ruwa mai tsami in an fasa, alamar faiba ta sha ruwa ce. 'Yan kaɗan ana gyarawa, ka dai rage su a ciniki. Buɗe murfin daɓe ka shinshina: warin fetur na nufin tanki ko tiyo na yoyo, kuma tankin da ke binne ƙarƙashin daɓe sai an yanka kafin a kai gare shi.

Lambar jirgin na jikin bangon baya ta dama. Na Amurka harafi da lamba 12 ne, biyun ƙarshe su ne shekarar samfurin. Gwada da takardun kwastan. Cikin tokumbon Amurka akwai waɗanda guguwa ta nutsar aka yi gwanjonsu. Laka a lungun akwatuna da wayoyi masu kore su ke tona asirinsu. Na Turai kuma suna da ɗan allo mai alamar CE. Nemi aji C, wanda aka yi wa igiyar ruwa har mita 2. Aji D na ruwa kwance ne, ba zai ji daɗin bakin teku wajen Tarkwa Bay ba, inda manyan jiragen Apapa ke tayar da ruwa. Allon ya faɗi adadin mutane, yara ma a ƙirga su.

Injin a tayar da shi a gabanka yana sanyi, ka taɓa shi da hannu tukuna. A auna matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. A ɗan kwance notin man giya na ƙasa: in ya fito fari kamar madara, ruwa na shiga. Dubi fitsarin injin, wato siririn ruwan sanyaya shi da yake fesowa ta baya, ka ga yana fita da ƙarfi. A kan ruwa kuma a taka shi ƙarshe na 'yan mintuna. Yamaha mai doki 150, irin wanda ba a gauraya masa mai, ya kamata ya kai juyi 5,000 zuwa 6,000 a minti ba tare da ƙararrawar zafi ba. Makaniken da zai yi wannan naka ne, kai za ka biya shi, ba na dillali ba.

Kada ka zuba duk kuɗin a saye. Ajiye kashi ɗaya cikin uku. Injin doki 150 na shan lita 25 zuwa 30 a awa a tafiya madaidaiciya, kusan ninki biyu in an taka shi, kuma ka san yadda fetur ya koma tun cire tallafi a 2023. Baƙin mai duk awa 100. Robar famfon ruwa duk shekara, don leda da ciyawar ruwan da ke rufe gaɓar Ikorodu bayan damina suna toshe mashigar ruwa, robar ta ƙone cikin ɗan lokaci. Ƙarafan da ake ɗaurawa su ci tsatsa a madadin inji, na alminiyom suka dace da ruwan lagun. Sai fentin ƙasa, kuɗin wurin ajiya, rajista wajen NIWA da LASWA, hukumomin hanyoyin ruwa na tarayya da na jihar Legas, da rigar kariya ga kowa daidai jikinsa. Janareta kuma kada ya kwana kusa da ɗaki, iskar guba da ke cikin hayaƙinsa ba ta wari.

In Merry Fisher ya fi ƙarfinka, masu ƙera jirgin faiba a nan gida za su yi maka jiki mai rufi, ka sa ragowar kuɗin a Yamaha mai lafiya. Sai dai ka je wurin aikin kafin su rufe bangon baya, ka ga irin katakon da suka sa, ka kuma tsaya a toshe kowane ramin noti da gam ɗin jirgi.