Tambaya da Amsa: Sun Ce Za Su Mayar Da Ɗana Makarantar Yanki, Korarsa Ake Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wani ƙaramin gari a jihar New York a Amurka, ɗana ɗan shekara 9 ba ya ji sosai sai da na'urar kunne, maganarsa ma ta yi jinkiri. Yanzu makarantarsu sun ce wai za su tura shi wata makaranta ta BOCES da ke can wani gari, mota ta riƙa ɗaukarsa kullum. Wallahi hankalina ya tashi, korarsa suke son yi cikin dabara ko yaya? Kuma wa zai biya kuɗin? Yayansa ma da zai shiga aji 11 yana ta damuna wai shi can yake son zuwa ya koyi walda.
Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Ki kwantar da hankalinki, ba kora ba ce, amma kuma ba dole ba ne ki ce to don kawai sun faɗa.

Bari in fara da asalin abin. A Amurka harkar makaranta a hannun jihohi take, kowace jiha kuma ta raba kanta zuwa gundumomin makarantu, wasu manya wasu ƙanana ƙwarai, to gundumar da gaba ɗaya yara kurame biyu ko uku gare ta ina za ta samo kuɗin ɗaukar malamin yaren hannu da mai gyaran magana da mai duba na'urar kunne, ballantana ta gina shagon walda da garejin koyon kanikanci saboda ɗalibai goma? Shi ya sa a 1948 majalisar dokokin New York ta yi dokar da ta ba gundumomi damar haɗa kai su kafa BOCES, wato hukumar haɗin gwiwa da ke samar musu da irin waɗannan malamai da azuzuwa a wuri ɗaya, yanzu akwai guda 37 a jihar. Manyan birane biyar, wato birnin New York da Buffalo da Rochester da Syracuse da Yonkers, ba sa cikin mambobi, su suna da girman da za su riƙe kansu. Jihar Pennsylvania ma tana da irin wannan tsari guda 29 tun 1971, sunan ne kawai ya bambanta.

Maganar kuɗi kuwa ko sisi ba za ki biya ba, har kuɗin mota. BOCES ba ta karɓar haraji da kanta, gundumarku ce ke biyan kuɗin kujerar yaron, daga baya jiha ta mayar mata da wani kaso. Sannan akwai dokar tarayya ta 1975 wadda aka sauya wa suna zuwa IDEA a 1990, ita ta wajabta a ba duk yaro mai naƙasa ilimin da ya dace da shi kyauta.

To ga inda nake so ki buɗe ido. Ita wannan dokar dai ta ce a bar yaro cikin 'yan'uwansa marasa naƙasa gwargwadon iko, ba a ware shi sai in an gwada taimaka masa a ajinsa abin ya gagara. Kuma ba shugaban makaranta ne ke yanke hukunci shi kaɗai ba, kwamiti ne da suke kira CSE, ke ma mamba ce a ciki ba baƙuwa ba, su ke rubuta takardar tsarin karatun yaron wato IEP. Ki tambaye su kai tsaye, me kuka gwada a nan da bai yi ba? Me zai samu can wanda babu a nan? Minti nawa zai yi a mota safe da yamma? Ki je ki ga ajin da idonki kafin ki sa hannu a komai. In turancin taron yana yi miki sauri ki nemi tafinta, haƙƙinki ne. In ba ki yarda ba kina iya neman sulhu ko a kai maganar gaban mai sauraron ƙara, kuma in kin shigar da ƙarar yaron zai ci gaba da zama inda yake har a gama.

Ni dai a ganina, yaron da shi kaɗai ne mai na'ura a kunne a duk makaranta sau da yawa kaɗaici ke cinsa ba karatu ba, in can zai samu abokai irinsa da malaman da suka san aikin, kar nisa ya sa ki ƙi. Amma in kin lura sauƙin kansu kawai suke nema to ki tsaya kai da fata.

Shi kuma babban ki bar shi ya je. Yawanci 'yan aji 11 da 12 rabin yini suke yi a cibiyar sana'a ta BOCES rabi a makarantarsu, takardar kammala sakandarensa daga makarantarsa za ta fito, kuma waldar ba ta hana shi shiga jami'a in ya so. Ya dai yi magana da mai ba ɗalibai shawara da wuri, don kujerun kan cika.