Filin Tambaya da Amsa: Daga Rana Zuwa Fuluto a Ƙafa

Tambaya: Assalamu alaikum. A birnin da muke zaune akwai wata hanyar tattaki da aka jera siffar rana da ta duniyoyi a gefenta. Yarana uku, babban shekararsa 11, autar kuma 4. Za su iya kuwa, ko wahala zan ɗebo wa kaina? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki ɗaura wa kowa takalmi, ki binciki ma'aunin da aka gina hanyar a kai, wato sau nawa aka ƙanƙantar da ainihin nisa da girman duniyoyin, domin shi zai gaya miki tsawon tafiyar. Yawanci yana rubuce a allon farko, kusa da siffar rana.

Idan ɗaya bisa biliyan 10 ne, kamar wadda aka buɗe a Washington a 2001, daga rana zuwa Fuluto, wadda ke ƙarshen jerin, bai wuce mita 600 ba, ko autar za ta gama tana tsalle. Ta garin Ithaca a jihar New York, wadda aka kafa a 1997 don tunawa da masanin taurari Carl Sagan, ɗaya bisa biliyan 5 ce, kusan kilomita 1.2. Amma idan kika ga ɗaya bisa biliyan 1, kamar ta bakin teku a Melbourne ko ta kan tsaunin Uetliberg a Zurich, to tafiyar ta doshi kilomita 6. Da yarinya 'yar shekara 4 da tsaye-tsaye, ki ƙiyasta kilomita 2 a awa ɗaya, wato awa uku ke nan zuwa kawai.

Abin da ke kayar da iyaye shi ne tazarar ba daidai take ba. A doguwar hanyar mai ma'aunin biliyan 1, cikin mita 230 na farko kun riga kun wuce duniyoyi huɗu, yara na ta murna suna tsammanin haka za a ci gaba. Mushtari, wanda allon zai rubuta Jupiter, yana mita 780. Zuhal mai zobe yana kilomita 1.4. Daga nan sai a yi ta tafiya shiru: Uranus sai kilomita 2.9, Neftun kilomita 4.5. A tsakanin nan ne ake fara jin "Mama, ki goya ni." Shawararmu, idan akwai bas ko jirgin ƙasa a ƙarshen hanyar, ku fara daga can ku nufo rana. Dogayen tazarar za su zo ƙafa na da ƙarfi, lokacin da gajiya ta kama kuma duniyoyin na zuwa bi da bi. In ba haka ba, ku tsaya a Zuhal ku juyo, zuwa da dawowa bai kai kilomita 3 ba.

Tambaya: Me ya kamata a riƙe, kuma me ya fi ɓata irin wannan fita? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, ruwa kamar rabin lita ga kowane mutum a kowace awa, ƙari idan da zafi. Hula, takalmin da aka saba da shi ba sabo ba, da keken tura jariri ko da yaron ya iya tafiya. A sauke taswirar a waya tun daga gida, a cika cajin, don wasu hanyoyin bayaninsu na cikin lambar da ake haskawa da kyamara. A kan taswirar a duba inda ake tsallaka titi da inda banɗaki yake, saboda ma'aunin ne ya zaɓi inda kowace duniya za ta tsaya, wata sai ka same ta a bayan mahaɗar motoci.

Sai ƙaramin gilashin ƙara girma, wanda mutane kan raina. A ma'aunin biliyan 10, rana faɗinta santimita 14 ne, ba ta kai ƙwallon ƙafa ba, duniyarmu kuwa milimita 1.3, kamar kan fil. Yaro ya zo yana jiran ƙaton dunƙule, sai ya tarar da ɗigo a cikin gilashi, ya ce an yaudare shi. A gaya masa tun a gida cewa farautar ɗigo za a je, wanda ya fara gani shi ya ci. A kuma taɓa allunan ƙarfe da bayan hannu kafin yara su dafa, da tsakar rana suna ƙuna. Kuma ana cikin zancen rana yaro zai ɗaga kai ya ƙura mata ido, a hana shi nan take, tana lalata gani.

Tambaya: Ɗana ya ce malaminsu ya ce duniyoyi takwas ne, amma a hanyar mun ƙirga tara. Wa ya yi kuskure? Daga wata mai karatu.

Amsa: Babu wanda ya yi, Hajiya. A 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya, a taronta na Prague, ta mayar da Fuluto cikin rukunin ƙananan duniyoyi. Hanyoyin da aka gina kafin nan sun bar ta a wurinta, wasu sabbin ma suna sa ta.

Kuskuren da hanyar kan shuka a kan yara daban ne: su ɗauka duniyoyin a jere suke kamar sahu. A sama kowace tana kewaya rana a nata layin, wata na gabas wata na yamma. Ki tsaya a siffar Zara, wadda muke ce wa matar wata, ki nuna masa da hannu cewa za ta iya kasancewa a kowane gefen rana, muddin nisan bai canja sosai ba.

Ga kuma wasan da ke sa manyan yara su nutsu. Hasken rana yana ɗaukar kusan minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso mana. A hanya mai ma'aunin biliyan 1, nisan mita 150 ne, saboda haka wanda zai yi tafiya da saurin haske sai ya riƙa matsawa santimita 30 a kowace daƙiƙa, kusan tsawon rula. Ki ba shi agogo ya gwada. Da wuya ya kai rabin hanya bai ƙosa ya ruga ba, sai ki sanar da shi cewa ko tafiyar da ya saba yi ta ninka gudun hasken kusan sau huɗu a wannan ma'aunin.