Tambayi Likita: Wanda Aka Yi Wa Fyaɗe A Gidan Kaso

Tambaya daga Gadarif: Likita, an sako ƙanena jiya. Ya ce an keta masa haddi a ciki shekaranjiya. Akwai abin yi?

Akwai, ɗan'uwa, kuma yau ɗin nan. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Ku tafi asibiti a duba raunin, a yi masa allurar rigakafin ciwon hanta.

Tambaya daga Maiurno: An ce macen da aka yi wa fyaɗe ta zauna a ruwan bagaruwa da Dettol, ta yi dukhan (turara jiki da hayaƙi), shi ke nan ta tsarkaka?

Haba! Wuri mai rauni za a ƙona da Dettol da hayaƙi? Wannan ba ya kashe cuta, ba ya hana ciki. Maganin hana ciki na gaggawa kwana 5 ne iyakarsa. A kai ta asibiti.

Tambaya daga Kassala: 'Yata tana tsare. Da na je ziyara ta raɗa mini abin da aka yi mata. Ba ta barci, ta rame, ƙarar ƙofa kawai sai jikinta ya hau rawa. Dangi sun ce iskoki ne, a yi shiru a rufa asiri.

Hajiya, wannan tambaya ta tsaya mini a rai. Ba iskoki ba ne. Firgici ne da ke bin wanda aka zalunta, kuma yana da magani. Addu'a alheri ce, amma shirun nan da ake kira rufin asiri shi ke ƙara mata ciwo. Ki fara da gaya mata kin yarda da ita, kuma ba laifinta ba ne. Kada ki matsa sai ta ba ki labarin dalla-dalla.

Zaman kaso bai soke haƙƙinta ba. Dokokin Bangkok na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2010 sun tanadi likita da mai ba da shawara ga macen da ke tsare, cikin sirri. A nan Sudan ma, tun 2015 aka gyara sashe na 149 na dokar laifuka aka raba fyaɗe da zina. Na san yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rusa asibitoci da yawa, duk da haka ki nema a rubuce ta hannun lauya a kai ta wurin likita mace, a gwada ciki da cututtuka. Ki kuma tuntuɓi ICRC, wato ƙungiyar Red Cross ta duniya, masu bibiyar halin waɗanda ake tsare da su.

In ta ambaci kashe kanta ko sau ɗaya, Hajiya, kada maganar ta kwana. Ki sanar da likita ranar nan.